Baƙon Zumuntar Mata

Da ruwan damina ya rushe ɗakin tsoho Ittoop, babu wanda ya yi mamaki a Kunnumpara, don shekara da shekaru bangon nan yana jingine da itacen mangwaro kamar mashayi. Abin da ya dami mutane shi ne inda tsohon ya koma. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki lemarsa mai karyayyun haƙarƙari, ya haura tudu ya shimfiɗa a barandar coci, daidai ƙofar da amare ke shiga. Nan yake kwana, nan yake tari, idan ya wanke zanen da yake ɗaurawa kuma ya shanya shi a hannun mutum-mutumin Waliyyi Yusufu.

A lokacin an kawo sabon limamin coci, Fada Jijo, yaro ɗanye mai babur da gemu a gyare. Ran Lahadi ya hau mumbari ya yi wa'azi har muryarsa na rawa. Ya ce baƙon da ya tsaya a ƙofarka da yunwa ba kowa ba ne, Ubangiji ne da kansa ya ɓad da kama ya zo ya ga halinka. Mata suka share hawaye da bakin mayafi. Ittoop yana jingine da taga daga waje, ya ji komai, bai kuma bar ko kalma ɗaya ta wuce shi ba.

Da aka tashi sujada Fada ya tara zumuntar mata a ɗakin taro, ya ce shawararsa ita ce kowane gida ya sauki tsohon mako guda, a yi ta zagayawa har Allah ya kawo mafita. Gracy, wadda ɗanta ke aiki a Dubai, ita ta fara ɗaga hannu, awarwaron zinariyarta suka zubo har gwiwar hannu suna ƙara. Leelamma matar mai gonar roba ta ga haka, ta ɗaga nata sama da na Gracy.

Plamena tana can baya kusa da ƙofa, hannunta a kan cinya. Matar tsohon direban bas ce, tun tana amarya ita ke kankare manyan tukwanen coci bayan kowane biki, lokacin da masu awarwaro suka tafi gida da ciwon kai. Ta san Ittoop tun kafin ya tafi Bombay, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana girki a gidajen abinci, ya dawo ba mata ba ɗa, sai baki.

Ta ce, "Fada, ka taɓa zama cin abinci da mutumin nan?"

Fada ya ce, "Ban taɓa ba, Inna. Me ya faru?"

Ta ce, "Ba komai. Ci gaba."

Aka sa sunanta can ƙarshen layi, ita ma ba ta ce a matso da ita ba.

Gidan Gracy aka fara. Ta yanka agwagwa, ta soya wainar shinkafa, ta zuba miya mai madarar kwakwa, ta tsaya a bayan kujerarsa aka ɗauke su hoto don a aika Dubai. Ittoop ya ci ya suɗe yatsu, sannan ya ce agwagwar ta tsufa, da alama sa'ar uwar gidan ce. Gracy ta yi dariyar dole. Da ya koma gidan Leelamma aka kawo masa rogo da kifi, ya dubi kwanon ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Allah sarki. A gidan Gracy kullum da nama. Amma kowa da ƙarfinsa, 'yata, kada ki damu."

Leelamma ta tura a yanka zakara a take.

Daga nan abin ya zama gasa. Gidan da ya ji an yi naman sa a maƙwabta sai ya yi naman sa da ƙwai. Wata ta saya masa katifa, wata ta ƙara da fanka. Kuma ba labarin miya kaɗai tsohon ke ɗauka daga gida zuwa gida ba. Ta bakinsa gari ya ji cewa mijin Gracy a shago yake kwana, ba don tsoron ɓarayi ba. Ta bakinsa aka ji cewa gashin Leelamma baƙin kwalba ne, da cewa shugaban mawaƙan coci yana da wata kwalbar daban a bayan buhun shinkafa. Sai kowace mace ta gane cewa wanda ta saukar ido ne da kunne, kuma mako mai zuwa a gidan wata zai buɗe baki. Aka ƙara mai a miya. Kafin damina ta wuce Ittoop ya yi kumatu, tumbinsa ya fito yana sheƙi, idan ya zo sujada a layin gaba yake zama yana gyatsa. Duk wadda ta ɗan tsuke fuska sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A yi hankali dai. Kun ji abin da Fada ya ce game da ni."

Ranar da makon Plamena ya zo, a keke mai ƙafa uku aka sauke shi, da katifa, da fanka, da jaka cike da sababbin riguna. Mijinta Kuriyachan ya fito da gudu ya kama kaya yana washe baki, don shi dai tun da ya bar tuƙi ba shi da abokin hira sai akuya.

Plamena ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta ajiye kwano uku na kunun shinkafa, da dafaffen wake, da ɗan mangwaro mai yaji a gefe. Ittoop ya leƙa kwanon, ya leƙa bayanta ko wani abu na tafe. Babu abin da ke tafe.

Ya ce, "Plamena, wani ne ba shi da lafiya a gidan nan?"

Ta ce, "Lafiyarmu ƙalau, Baba. Shi ya sa ma."

"Haka kike ciyar da Ubangijinki?"

"Ubangijin da na sani azumi ya yi a daji, bai kuma ce a yanka masa agwagwa ba. Sha tun da zafi."

Kuriyachan ya ƙware da dariya har wake ya fito masa ta hanci. Ittoop ya juya cokali a kunun, ya sassauta murya kamar mai ba da shawara.

"Ni dai ba ruwana. Amma mako mai zuwa zagaye zai koma gidan Gracy, kuma kin san ta da tambaya. Me zan ce na gani a gidanki?"

Plamena ta ajiye kwanonta ta gyara zama. "Bari in sauƙaƙa maka, kada ka wahala da leƙe-leƙe. Wannan bawan Allah da kake gani, kullum la'asar yana rumfar bammi, ya ce wa mutane ciyawar akuya ya je nema. Ɗanmu Jomon ya auri 'yar Hindu a Bangalore, bai gayyace mu ba, sai ran Kirsimeti yake kira. Ɗakin baya yana yoyo. Haƙorana na sama na roba ne, ga su." Ta zare su ta nuna masa, ta mayar. "In ka manta wani abu ka aiko a tambaye ni."

Ittoop ya ajiye cokalin. Sannan ya ɗauki kwanon ya kafa kai, ya shanye, ya ce gishiri bai ji ba.

Makon ya tafi da faɗa safe da yamma. Shi ya ce shayinta ruwan wankin kofi ne, ita ta ce ƙofa a buɗe take. Ta ba shi kwakwa ya kankare, ya ce shi baƙo ne, ta ce baƙo ma da hannu aka haife shi. Ya kankare yana mita, amma ta lura ko ɓawo ɗaya bai faɗa ciki ba. Da la'asar shi da Kuriyachan sukan ɗauki lauje su tafi neman ciyawar akuya, su dawo suna waƙar coci da muryoyi biyu, ba ciyawa, wani lokacin ba lauje. Plamena tana lissafin ranar tafiyarsa kamar mai jiran saukar azumi.

Ana gobe zai koma gidan Gracy, da safe, yana tsaye bakin rijiya yana goge haƙora yana yi mata bayanin yadda ake yanka albasa a Bombay, sai maganar ta narke a bakinsa. Ta juyo don ta ce masa ya tofar da kumfar tukuna, ta ga gefen fuskarsa ya zube, guga ya suɓuce daga hannunsa, ya sulale ƙasa a hankali kamar buhun da aka kwance.

"Wayyo Maryamu! Baban Jomon, fito!"

A asibitin gwamnati likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ya tambayi abin da tsohon ke ci, Kuriyachan ya fara jero agwagwa da naman sa da soyayyen kifi da ƙwai, likitan ya ce ya isa, ya gane.

Zumuntar mata ta yi taron gaggawa. Fada Jijo ya ce za a sallami Baba Ittoop nan ba da jimawa ba, ba ya iya tashi, ba ya iya zuwa bayan gida da kansa, to layin wa ya zo? Ko awarwaro ɗaya bai yi ƙara ba. Can Gracy ta ce ita da zuciya ɗaya take so, sai dai gidanta bene ne. Wata ta tuna mata cewa akwai ɗakuna a ƙasa, ta ce ai tayil ne, akwai santsi. Leelamma ta dafe ƙugu ta ce likita ya hana ta sunkuyo. Wata ta ce surukarta na gab da haihuwa, alhali kowa ya san watan jiya aka ɗaura auren. Sannan wata murya daga tsakiya ta ce, ba don wani abu ba, mutumin nan lafiyarsa ƙalau yana yawo gida-gida, sai da ya shiga gidan da ake ba shi kunu.

Plamena ta miƙe. Abin da ta faɗa a ɗakin taron nan ranar, Fada ya roƙi kada a maimaita shi, aka kuwa maimaita shi a kasuwa kafin azahar. Ta rufe da cewa ta yi makonta, ta gama, ko Paparoma ne ya zo da kansa ba za ta ƙara kwana ɗaya ba. Ta fita ta bugo ƙofa.

Tana isa gida ta tarar da motar asibiti a ƙofarta, mutum biyu suna shiga da Ittoop a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, Kuriyachan yana nuna musu hanya.

"Kai bawan Allah, mene ne wannan?"

Kuriyachan ya sosa ƙeya. "Sun tambaye ni gidansa. To ina zan ce? Barandar coci?"

Ta buɗe baki za ta ce a mayar da shi mota. Sai ta ga idon tsohon, ɗaya a buɗe ɗaya a lumshe, yana bin ta da kallo, yawu na gangarowa ta gefen bakin da ya karkace. Kumatun nan duk sun zube. Ta ja tsaki mai tsawo.

"Ba ɗakin baya ba, wawaye, yana yoyo. Ku kai shi ɗakin Jomon."

Aikin da ya biyo baya ba irin wanda ake ɗauka a hoto ba ne. A juya shi, a goge shi, a ɗaga shi a sa masa fo, a ba shi kunu da cokali rabi ya dawo a wuyan riga. Kuriyachan ke wanke shi daga cibiya zuwa ƙasa, da tawul ɗaure a hanci yana kiran sunayen waliyyai, ita kuma daga cibiya zuwa sama. Maganar Ittoop ta lalace, sai an kasa kunne ake gane yana neman ruwa, amma abin mamaki zagi yana fita tsaf, ko harafi ba ya faɗuwa. Zanen gado kuwa kullum sai an wanke, ga sama ba ta daina zuba ba, igiyar shanya ta cika, ɗaki ya cika, hannun Plamena ya tsattsage.

Matan zumunta ba su manta da shi ba. Sun sa sunansa a addu'a. Gracy ta aiko da ayaba.

Ran wata Laraba Plamena ta ji cewa a gidan Gracy ake taron addu'ar unguwa. Ta tattara zannuwan gadon da suka kwana biyu a jiƙe, ta danna su a babban baho, ta ɗora a ka, ta haura tudu. Ta tarar da su a falo sun durƙusa a kan kafet, kowa da carbi, an kunna kyandir. Ta ratsa tsakiyarsu ta dire bahon a gaban teburin kyandir. Warin ya riga ta gaisawa.

Gracy ta toshe hanci. "Yaya Plamena! Addu'a fa muke yi!"

"Ku ci gaba, ba ni na zo ba, kayan Ubangiji ne na kawo. Kun ci rabonku na kai da baki, ga rabonku na ƙasa. An ce ɗanki ya aiko miki da injin wanki daga Dubai, har busarwa yana yi. Ina yake?"

"Ai na kayan siliki ne..."

"To yau zai san duniya. Leelamma, ke da ba kya sunkuyo, a tsaye ake dama kunu, gobe da safe ina jiran ki. Ke kuma mai surukar da za ta haihu, kafin ta haihu ki zo ki yi shara."

Ba wanda ya amsa, sai wata tsohuwa a kusurwa da ba ta ji sosai ta ce, "Amin."

Washegari Leelamma ta zo, fuska a murtuke, ta dama kunun. Ittoop ya ɗanɗana ya ce wata kalma da ta fita tsaf. Amma jibi ta sake dawowa, don Plamena ta ce in ba ta zo ba baho na gaba a ƙofarta zai sauka, ranar da masu neman auren 'yarta za su zo.

Fada Jijo ma bai tsira ba. Ya zo a babur da ruwan albarka da ɗan littafin addu'a, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga hannu zai fara. Plamena ta karɓe littafin ta ajiye a kan taga.

"Addu'ar ba za ta huce ba, Fada. Baban Jomon ya tafi neman ciyawa, ni kuma ba zan iya ɗaga shi ni kaɗai ba. Kama ta hammata."

Fada ya naɗe hannun farar rigarsa ya kama. Yana cikin ɗagawa, tsohon ya saki abin da ya daɗe yana riƙewa, ya bi gaban rigar nan tun daga ƙirji har takalmi. Fada ya sandare, bai saki ba, bai kuma san inda zai kai idonsa ba. Ittoop ya yi wani gurnani, Plamena ta kasa kunne.

Fada ya ce, "Me ya ce, Inna?"

"Ya ce yanzu kun yi ɗaya-ɗaya, kai ma ka sha yayyafa masa."

Fada ya koma gida cikin tsohon kakin tuƙin Kuriyachan, wando bai kai idon sawu ba, yara na bin babur ɗin da ihu. Kowa ya ɗauka ba zai sake takowa ba. Ran Asabar sai ga shi da reza da sabulu, ya zauna ya yi wa tsohon aski, ya yanke shi wuri biyu, ya sha zagi. Daga nan ya mai da ita al'ada. Wa'azinsa ya gajarce, muryarsa ta daina rawa, wasu mata suka ce ya rage daɗi.

Sau ɗaya ne Plamena ta ga abin da bai ba ta dariya ba. Da hantsi ne, tana goge masa baya, sai ta ji kafaɗarsa na motsi. Ta leƙa, hawaye ne ke bin karkataccen kumatun zuwa kunne. Ya yi ta ƙoƙarin magana har ta gane. Cewa yake, shi da ya ciyar da rabin Bombay a tsaye, yau mace ke share masa gindi, gara a kai shi bakin kogi a ajiye.

Ta matse tsumman da ƙarfi.

"Wa zai ɗauke ka har kogi? Ka san nauyinka kuwa? Agwagwar Gracy duk tana nan a jikinka. In kana so ka je kogi ka tashi ka taka da ƙafarka, ni zan raka ka in tura ka."

Can ya ce, a hankali, kalma-kalma, kifin da ta dafa jiya, ta yi saurin zuba tsamiya. Ta ce ba a tambaye shi ba. Da yamma ta jinkirta tsamiyar, miyar ta fi ta kullum, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Ko don ya je kogin ne, ko don ya huta da kunun Leelamma, tsohon ya fara motsa ƙafa. Kuriyachan ya ɗaura gora a baranda, yana riƙe shi yana takawa, suna zagin juna. Wajen Kirsimeti yana zagaya gida da sanda yana jan ƙafa ɗaya, baki kuma ya dawo fiye da yadda ake so. Matan zumunta, waɗanda injin wanki da tsintsiya suka gajiyar, suka tasa mazajensu a gaba, aka ce wannan abin kunya ne dattijo ba shi da ɗakin kansa a cikin ikilisiya. Mai gonar roba ya ba da katako, mijin Gracy ya ba da kwanon rufi, samari suka yi aikin gayya. Ba a taɓa gina ɗaki da sauri haka a Kunnumpara ba.

Ittoop ya ce ranar da za a sa wa ɗakin albarka shi zai ciyar da mutane, ba ya son tukunyar kowa. Ya sa aka aro manyan tukwanen coci, ya zauna a kujera da sanda a hannu, Kuriyachan da shugaban mawaƙa suna juya shinkafa da kifi yana buga musu sandar a ƙwauri. Ƙamshin ya sauka har bakin titi. Matan zumunta suka iso cikin siliki, Fada ya yayyafa ruwa a kusurwoyi, aka shimfiɗa ganyen ayaba a layi a ƙarƙashin mangwaro. Gracy ta tattara zanenta za ta zauna a farkon layi, Ittoop ya tare ta da sanda.

"Dakata, 'yata. Manyan baƙi ba su iso ba."

Sai ga su suna haurowa daga kasuwa. Makahon da ke sayar da takardun caca a tashar bas, da wasu 'yan ci-rani masu fasa dutse, da abokan rumfar bammi su huɗu ko biyar suna riƙe da juna, da wata mata da ke kwana a bayan kasuwar kifi, wadda ba wanda ya san sunanta ko garinsu, ƙafarta ɗaya a kumbure an naɗe ta da leda. Ittoop ya zaunar da su a kan ganyen, ya ce masu siliki su zuba musu. Leelamma ta sunkuya da ludayi, ƙugunta bai ce komai ba. Baƙin suka ci, suka nemi ƙari, suka sake nema. Da layi ya zo kan 'yan coci saura romo da kawunan kifi, amma har Gracy sai da ta tsotse ƙashi, ta ce wa ta kusa da ita a hankali, tsinannen ya iya girki.

Ana cikin wanke hannu Ittoop ya buga sanda a tukunya ya ce yana da magana. Ya gode wa Fada, ya ce askinsa ya fara kyau. Ya gode wa zumuntar mata, ya ce da farko ba su iya komai ba, amma ya yi haƙuri da su har suka koya. Sannan ya nuna baƙinsa da sanda ya ce, tun da yanzu hannu ya faɗa, ga waɗannan, duk cikinsu babu mai ɗakin kirki, kuma damina na nan dawowa.

Idon Fada Jijo ya kawo haske. Ya ajiye kofinsa, ya gyara murya, ya fara duban matan ɗaya bayan ɗaya. Plamena ba ta jira ta ji ba. Ta ɗauki tukunyar ƙasarta da aka ara, da murfi, da ludayi biyu, ta zame ta bayan ɗakin ta bi hanyar cikin itatuwan roba.

Ta yi nisa kaɗan sai ta ji ƙarar leda a bayanta, ƙyas, ƙyas. Ta waiga. Matar nan ce mai kumburarriyar ƙafa, tana ɗingishi, ta tsaya da ta ga an tsaya.

Plamena ta ce, "Ina za ki? Kasuwa can take."

Matar ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Kada ki biyo ni. Ni ba Fada ba ce. Gidan masu bene yana sama, ki tambayi Gracy, kowa ya san ta."

Ta ci gaba da tafiya. Ƙyas, ƙyas. Ta ƙara sauri, ledar ma ta ƙara. A bakin ƙaramar gada ta tsaya ta juyo da niyyar yin masifa, sai idonta ya sauka a kan ƙafar. Ledar ta yage, ƙudaje sun taru, abin da ke ciki ya daɗe bai ga ruwan zafi ba.

"Wa ya ɗaure miki wannan? Jaki?"

Matar ta nuna kanta.

Plamena ta dubi sama, ta dubi hanyar gida, ta ja tsaki har tsuntsu ya tashi daga kan gada. Ta miƙa mata murfin tukunyar da ludayi ɗaya.

"Riƙe. In kika fasa min murfi sai na fasa miki ɗayar ƙafar. Kuma ki sani kunu ake sha a gidana."

Matar ta rungume murfin a ƙirji. Suka gangara tare, Plamena a gaba tana faɗa, tana rage sauri a duk inda hanyar ta yi duwatsu.